Rasuwar Gwaggo, Kyamarar Ƙarƙashin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, mai shirya finafinan gaskiya kan rayuwar teku, wadda 'yan gidansu ke kira Agwagwa, tana sanar da dangi, abokan aiki da masu bibiyar shafinta rasuwar kyamararta ta ƙarƙashin ruwa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a zurfin mita shida, tana bakin aiki. Shekarunta goma sha ɗaya a hannun mai ita.

Ana roƙon dangi su daina kiran gwaggon gaske a waya suna salati. Tana nan lafiya lau, kuma ta ce duk wanda ya sake yi mata ta'aziyyar kanta zai gane kurensa.

Ga abin da aka shiga kwalekwale da shi a tafiyar ƙarshe: tukunyar iska biyu, takalman iyo, fitila biyu, batir huɗu, katin ajiya ɗaya, ɗan gwangwanin man shafa roba, tawul, bokiti shuɗi cike da ruwan famfo, da marigayiya a cikin gidanta na ƙarfe da gilashi. An dawo da komai. Bokitin ne kaɗai bai yi aikinsa ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Agwagwa ta samu marigayiya a hannu na biyu, a shekararta ta ƙarshe ta karatu a ƙasar waje, bayan ta sayar da kekenta da rigar sanyinta. A cinya ta riƙo ta har gida, ta ƙi yarda a jefa ta cikin kaya. A filin jirgi mahaifiyarta ta leƙa akwatin ta ce, "Shekara shida, abin da kika kawo mana ke nan?" Yayanta ne ya raɗa wa kyamarar suna, don nauyi gare ta, ba ta son gaggawa, kuma ba a miƙa mata hannu ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha kwana a ƙasan kwalekwale tsakanin raga da jarkar mai ba ta ce uffan ba. Ba ta taɓa yin ƙarya ba: ta ga leda a cikin ciyawar teku ta nuna leda, ta ga masunci ya jawo raga babu ko kifi ɗaya ta nuna fuskarsa yadda take. Finafinai bakwai ta yi, ban da gajerun bidiyo na waya da ba wanda ya ƙirga. Ba ta da yawan magana. Da safe in an tashe ta takan ce "tsit-tsit." In tana neman abu da idonta takan ce "zzzt," kamar tsohuwa mai tsaki. Aibinta ɗaya, cin batir, kuma an yafe mata tun tana da rai.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, rayuwar irin wannan baiwar Allah a rataye take a zoben roba ɗaya da ke bakin gidanta, shi ke hana ruwa shiga. Kafin kowace nitsewa sai a ciro zoben, a goge, a ɗaga shi a haske a duba, a shafa masa mai, a mayar, a rufe. Sannan a tsoma gidan a bokiti a ƙirga sittin. In ba kumfa, a shiga teku. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Shekara goma sha ɗaya Agwagwa ba ta taɓa tsallake bokitin nan ba, har abokan aiki suna yi mata dariya a kansa.

Shekara huɗu ke nan tana haɗa fim a kan ayu, ƙatuwar dabbar ruwan nan mai cin ciyawa. Ta samu komai, sai abu ɗaya: uwa tana shayar da ɗanta. Ayu kuwa akwai kunya, da ya ji motsi ya ɓace. Kamfanin da ke nuna finafinanta a intanet ya ce wannan watan ne na ƙarshe, in ba a samu ba a rufe maganar. Suka haɗa da tayin kujera a ofis, inda za ta zauna cikin sanyi tana yanka bidiyon wasu zuwa daƙiƙa talatin-talatin. Mahaifiyarta har ta saya mata jakar zuwa aiki.

Ranar Talatar, Agwagwa ta canza batir ke nan ta rufe gidan, sai Kyaftin, dattijon da ke tuƙa kwalekwalen, ya kashe inji ya yi ƙasa da murya. "Ga ta can, 'yata. Har da ɗan." Agwagwa ta dubi bokiti, ta dubi teku. Ta faɗa teku.

Uwar tana kiwo a ƙasa, hankali kwance. Ɗan ya zagayo ya cusa baki a hammatarta, don a nan nonon ayu yake. Jar fitilar ɗauka ta kama. A daƙiƙa ta goma marigayiya ta yi wani kuka da ba a taɓa jin ta yi ba: "ƙi-ƙi-ƙi-ƙi." Ƙararrawar danshi ce. Dokar sana'a a bayyane take, a juya idon kyamara ƙasa, a hau sama nan take, wataƙila a cece ta. Agwagwa ta san dokar, ita ma tana koyar da ita. Ta ga ruwan yana taruwa a kusurwar gilashi. Ba ta motsa ba. Ba a rubuta wannan don neman uzuri ba, haka aka yi.

Gwaggo ta ci gaba da ɗauka da ruwan gishiri a cikinta har daƙiƙa arba'in da ɗaya. Allonta ya yi kore, sannan ya yi baƙi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsss."

An yi iya ƙoƙari. An ɗauraye ta da ruwan famfo tun a kwalekwale. Mahaifiyar Agwagwa, wadda ba su taɓa shiri da marigayiya ba, ita ce ta binne ta da hannunta a buhun shinkafa kwana uku, ta hana kowa ɗiba. Ranar Juma'a mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya cire hularsa. "Ranki ya daɗe, wannan ta wuce gyara, sai dai sutura." Sannan ya sa ɗan hantsaki ya ciro abin da ya kashe ta daga kan zoben: silin gashi ɗaya, fari fat.

Duk shagon mai gyaran aka juya ga Kyaftin, wanda ya zo dubiya da farin gemunsa. Ya ce, "Ni? A'a, wallahi a auna. Gemun nan ko an ja shi da igiya bai kai rabin wannan ba." Aka shimfiɗa gashin a teburi, ya yi taƙi ɗaya da rabi. Mutum ɗaya ce a kwalekwalen nan mai gashi haka, kuma ita ce ta daɗe tana shaida wa duniya ba ta da furfura ko ɗaya. Yayanta ya ce, "Ashe gwaggo biyu muka tura teku."

Saura katin ajiya. An wanke shi, an shanya kwana biyu, an sa a kwamfuta. Agwagwa ta tsaya a tsaye, ta ƙi zama. Daƙiƙa arba'in da ɗayan suna nan cif, tar da su, sai ɗigon ruwa a gefe can wajen ƙarshe. Mai haɗa sauti ya ce zai iya goge kukan ƙararrawar. Ta ce a bar mata shi. Mahaifiyarta ta kalla sau uku tana cewa, "Allah sarki, ji yadda ta rungume shi." Da ta gama ta juyo. "To, kin samu. Yanzu sai ki zauna, ga furfura ta fito."

Marigayiya ta bar fitila biyu, ma'ajiyar bidiyo goma sha huɗu, da mariƙin kyamara mai ƙafa uku wanda ƙafarsa ɗaya ke ɗingishi. Ta bar ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama, mai tsoron ruwa, da wata wayar hannu da tuni ta fara cewa ita ce magajiya. Ta bar bokiti shuɗi, wanda har yau ba ya yi wa kowa magana.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a ɗakin tace fim. An riga an yi mata wanka. Ba a buƙatar komai daga masu zuwa, sai dai duk mai niyyar cewa "ai kyamara ce kawai" ya yi zamansa a gida. Shinkafar an mayar da ita kicin. Za a nuna daƙiƙa arba'in da ɗayan sau ɗaya, da kukan da komai. Daga nan za a kwantar da ita a saman kabad ɗin gilashi, zoben a gefenta, furfurar a manne da salatif a jikin ɗan kwali.

Agwagwa ce za ta rufe ƙofar kabad ɗin da hannunta, ta murza makulli. Ta riga ta rubuta wa kamfanin cewa fim ya kammala, kujerar kuma a ba wani. Jakar ofis ta yi daidai da batir huɗu. Litinin da safe za ta koma teku da kyamarar aro, da hula a ka, kuma za ta ƙirga sittin a bakin bokiti ko da ayu goma ne suka yi layi suna jiran ta.