Ranar Da Na Gayyato Wa Likita Abokin Sana'a

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar nan ba, ko na so in manta ƙanwata Ladidi ba za ta bari ba. Damina ta yi kyau, ruwa ya sauka a kan kari ya ɗauke a kan kari, gyaɗa ta yi 'ya'ya, dawa ta sunkuyar da kai tun daga Unguwar Gai har bakin hanyar Rano. Shekara ce da kowa ke tafe da fara'a, har masu babur sun rage faɗa da fasinja. A cikin wannan daɗin ne aka aiko mana daga Kano cewa 'yata ta gama, ta zama ƙwararriyar likitar fata.

Ba zan rubuta sunanta ba, ku yi mini uzuri. 'Yar fari ce, kuma mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. A hannun kakarta ta girma. Da tana ƙarama "yarinyar nan" nake ce mata, da ta gama makaranta sai Allah ya kawo mini sauƙi, na koma ce mata Likita.

Gaskiya ban gane wannan gamawar ta biyu ba. Ai ta riga ta gama tun tuni, mun yi murna, an ci shinkafa. Amma duk zuwan da za ta yi gida sai in ji tana ce wa babanta, "Malam, a sa ni a addu'a, ina da jarrabawa." Ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi haɗa baƙi, kuma a ajinmu duk wadda aka ga ta sake zaman jarrabawa to faɗuwa ta yi. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan a ciki, ina yi mata addu'a a ɓoye, in maƙwabta sun tambaya in ce tana nan lafiya, in sauya zance. (Ashe ba faɗuwa take ba, hawa take. Ba wanda ya faɗa mini don ban tambaya ba, ban tambaya ba don 'yar fari ce.)

To akwai wata matsala da nake fama da ita a lokacin. Wani ƙaiƙayi ne ya kama mini ƙwauri, ya yi zagaye kamar bakin kofi, in na yi zufa sai ya hana ni sukuni. Za ku ce ga likita a gida. Haka Ladidi ma ta ce. Amma in ɗaga zane in nuna wa 'yar fari ƙwaurina? Ban ga ta inda zan fara ba.

Sai na tafi wajen Dokta Ɗanlami. Duk mai zuwa kasuwa a Rano a lokacin ya san shi, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don da lasifika yake talla. Yana da farar riga har gwiwa, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, da tebur cike da kwalabe. A bayansa akwai wani babban kwali mai hotunan ciwon fata iri-iri, wanda in ka kalla ba ka iya cin abinci ranar. Mutum ne mai fara'a ƙwarai. Ina isa ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa, me ke tafe da ke?" (Ban je Makka ba har yau, amma a bakinsa duk macen da ta tsaya gaban teburin Hajiya ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin sunan.) Ko duba ƙafar bai yi ba, wanda hakan ma ya ƙara mini son sa. Ya ba ni wani man haɗi a 'yar roba. Na shafa, kafin sati ƙaiƙayi ya ɗauke ɗif. Man na ƙarewa ƙaiƙayin ya dawo, ya ƙara faɗi. Na koma, ya ƙara mini. Haka muka yi ta yi har muka saba, yana tambayata mutanen gida.

Da Malam ya ce za a yi walima, har malamar da ta horar da Likita za ta zo daga Kano da abokan aikinta, sai wani tunani ya zo mini, kuma a lokacin na ɗauka tunani ne na manya. Ni 'yar wanzamai ce. A gidanmu in yaro ya ƙware aka ba shi zabirarsa, ba ya fara aski sai an zagaya da shi wajen manyan wanzaman gari, ya durƙusa ya gaishe su, su sa masa albarka, don kada wani ya ƙullace shi ya ce an shigo masa sana'a ba sallama. Na ce a raina, yarinyar nan za ta riƙa duba fata, ga wanda ya daɗe yana duba fata a ƙasar nan, a yi taro ba a kira shi ba? Ai rashin ladabi ne. Su 'yan boko ba su san wannan ba, ni ce uwa, ni zan gyara mata.

Na hau babur na je Rano takanas, na kai masa goro.

Ya ce, "Hajiya, kin yi abin da ya dace. Mu likitoci ai ɗaya muke."

Ranar walima an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru, almajiran Malam na da, waɗanda yanzu suka zama malamai da iyalansu, sun zo an yi addu'a. Ni ina can ƙuryar ɗaki kamar yadda ya kamata uwar 'yar fari ta yi, ina jin komai ina yin kamar ba na ji. Na dai ja Ladidi gefe na ce in wani baƙo mai farar riga ya zo, a ba shi kujera kusa da babbar malamar. Ta ce wane ne, na ce abokin sana'ar Likita ne. Ba ta ƙara tambaya ba, don hankalinta na kan tukunyar nama.

Bayan la'asar aka aiko wai malamar ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga mahaifiyar ɗalibarta. Na zumbula hijabi na fito ina kallon ƙasa. Dattijuwa ce 'yar siririya da tabarau, atamfa ce a jikinta, ba farar riga ba komai, in ka gan ta a hanya sai ka ce unguwa za ta. Sauran likitocin ma duk kayan gida suka sa. A duk rumfar mutum ɗaya ne ya yi kama da likita, yana zaune daram a damanta, rigarsa ta sha guga, abin sauraron ƙirji na sheƙi a wuyansa, cinyar kaza a hannu.

Na gaishe ta, ta riƙe hannuna tana yi mini barka. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Sai na tattaro ƙarfin hali, ni da muryata ba ta wuce tabarma, na ce, "Ranki ya daɗe, ga Dokta Ɗanlami, shi ne babban likitan fata na nan wajenmu. Na ce bari a haɗa su da yarinyar nan ya sa mata albarka, tunda ya riga ta a sana'a."

Na juya wajen Likita na ce, "Ki gaishe shi mana."

Ta dube ni, ta dubi malamarta. Yarinya mai biyayya, ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni." Wani matashin likita a baya ya kama tari, tarin da na gane daga baya ba tari ba ne.

Malamar ta gyara tabarau, cikin ladabi ta ce, "Madalla. Dokta, a wane asibiti ka yi horonka?"

Ya ce, "Ai ni ba a asibiti na yi ba, Hajiya. Wajen maigidana na koya, a tashar mota. Shi har ƙasashen waje ya zagaya da magani."

"To su wa suka jarraba ka?"

"Jama'a mana," in ji shi, yana dariya. Ya sunkuya ya jawo wata babbar roba daga jakarsa ya miƙa wa Likita. "Ga gudummawata, ki fara da wannan. Ƙazuwa, kirci, ƙyasbi, ƙurajen fuska, duk shafa ɗaya ne."

Malamar ta buɗe ta sunsuna. "Me da me ke ciki?"

"Sirrin sana'a ne. Amma ba sai na yabi kaina ba, ga shaida a tsaye." Ya nuna ni da ƙashin kaza. "Ƙafar Hajiya tun bara ni nake riƙe da ita. Hajiya, faɗa musu."

Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Unguwar Gai kuwa ta kaka ce, ta bushe tauri. Amma ba dariyar da mutane ke dannewa ce ta dame ni ba, fuskar Likita ce. Ba fushi a ciki. A hankali ta ce, "Inna, ƙafarki ke ciwo? Tun bara?" A gaban malamarta, a ranar da aka taru don an shaida ta san fata, ga shi an ji uwar da ta haife ta wajen mai lasifika take kai tata.

Allah ya saka wa dattijuwar nan. Ta miƙe ta ce, "Inna, zo ki nuna mini ɗakinki, ina son in sha ruwan randa." Muna shiga ta sakaya labule. Likita ta biyo mu har bakin ƙofa za ta shigo, na ce, "A'a, ita ta tsaya a nan." Ta tsaya.

Malamar ta duba ƙwaurin a hasken taga, ta daɗe tana dubawa. Ta nuna mini yadda fatar wurin ta yi fari ta yi laushi kamar ta jariri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, zagayen kuma ya kusa kai gwiwa. Ta ce irin wannan haɗin yakan kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ciwon na ƙasa yana ci gaba da yaɗuwa, fata kuma tana sirancewa. Ta ce cututtukan fata da yawa kamarsu ɗaya a ido, maganin wani shi ke tayar da wani, rarrabe su kuwa shi ne abin da 'yata ta shafe shekarun nan tana koyo a ƙarƙashin manya bayan ta riga ta zama likita.

Na ce, "To ba faɗuwa take yi ba?"

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce, "Inna, mataki-mataki ne. Kuma a ƙarshe ba ni na ce ta ƙware ba, ni ai tawa ce, zan iya yi mata kara. Manyan likitoci ne daga wasu garuruwa, waɗanda ba su san ta ba, ba su san babanta ba, suka zaunar da ita, suka kawo mata marasa lafiya, suka titsiye ta da tambayoyi, suka duba binciken da ta rubuta. Sai da suka gamsu suka sa hannu. Ko bayan haka ba a daina bibiyar aikinta ba."

Na ce to ta rubuta mini magani kafin ta tafi, ba sai kowa ya ji ba.

Ta ce, "Kowa ai ya riga ya ji. Ni yanzu zan kama hanyar Kano. Ga likitarki can a bakin ƙofa kin bar ta a tsaye."

Dokta Ɗanlami dai bai ga wani abin kunya ba. An ƙulle masa shinkafa da nama a leda, ya yi wa kowa sallama hannu bibbiyu, har ya tambayi matashin nan mai tari inda ake ɗinka sunan mutum a aljihun farar riga.

Bayan magariba Malam ya shigo yana ta murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Ke da kike gidan nan shekara da shekaru, kin taɓa ganin yaro ya naɗa wa kansa rawani ya ce shi gwani ne? Ai sai ya zauna gaban gwanaye sun ja shi, sun saurara, su ne za su faɗa." Na ce na sani. Ya ce, "To ina kika ajiye sanin?" Ladidi kuwa duk wucewar da za ta yi ta gabana sai ta rusuna ta ce, "Hajiya, ya ƙafa?"

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Mutumin da ya ba ni Hajiya kyauta ban je ko filin jirgi ba, ya kamata tun ranar in tambayi wanda ya ba shi Dokta. Yanzu ko mai gyaran rediyo ya zo gidan nan sai na tambaye shi su wa suka jarraba shi.

Washegari da hantsi na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma inda rana ke haskawa, na ɗauko 'yar robar man na ajiye a gefe. Likita na bakin murhu tana shan koko. Na zauna na miƙe ƙafa, na kafa idona a kan katanga don ba zan iya kallonta ba, na ce, "Likita, in kin gama, akwai mara lafiya."

Ta ajiye kofin, ta wanke hannu da sabulu, ta zo ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Sannu Inna. Yaushe ya fara?"

Na ɗaga zanen.