Kalmar da Ta Cinye Mana Rago

Yau da safe jarkata ta suɓuce daga bayan babur ta fashe a ƙofar gidana, bayan na yi tafiyar kilomita shida na ɗebo ruwan. Na tsaya ina kallon ƙasa tana shanye wahalata, kaji suna ta murna. Uwargida Hidaya ta leƙo, ta dube ni, ta dubi jarkar, ta koma ciki abinta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙauyenmu yana can gaba da Ɗanzomo, kuma wata biyar ke nan da injin famfonmu ya ƙone. Muka rubuta koke zuwa wani ofishi a birni, wanda ba zan kama sunansa ba don ina da iyali. Ranar wata Litinin sai ga amsa daga shugaban ofishin, Mai Girma Uban Ƙishirwa, Garkuwan Busassun Rijiyoyi, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Aka kira Habibullah, mai digirin garinmu, ya karanta a gindin dalbejiya.

Ya fara tiryan-tiryan: an amince a ba mu sabon inji, mu aiko da wakili ya sa hannu. Sai ya yi turus. Ya ci karo da wata kalma, wai "sennight". Ya gyara gilashi, ya ɗaga takardar sama kamar mai duba jabun kuɗi. Mai digiri dai ba ya cewa bai sani ba, don haka ya ce wani abu ne da wakilin zai riƙo. Na ce ya tambayi wayarsa. Ya ce rabonta da caji tun rabonmu da wuta.

Dogo, shugaban kwamitin ruwa, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a, shekarata talatin ina shiga ofisoshi. Duk kalmar da ba ka gane ba a takardar manya, ma'anarta ɗaya ce: kada ka zo hannu rabbana."

Kowa ya gyaɗa kai. Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Maigatari. Mun tambayi wani ɗan Damagaram ko Faransanci ce, ya ce su ma suna da nasu bala'in, amma wannan ba tasu ba ce. Wani mai kemis ya ce yana da ita amma ta ƙare. Muka haƙura muka sayi rago fari tas, mai ƙaho uban ubansu, wanda ko ni a bikin sunan ɗana ban ga irinsa ba.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar Talata na matsa wa Dogo muka biya ta Gumel wurin Malam Ɗantsoho, tsohon hedimasta, da ragonmu ɗaure a babur. Malam ya sa aka ɗaga gadonsa, ya zaro wani ƙamus da ke tokare da ƙafar gadon. Gara ta cinye shi tun daga farko har tsakiya, amma Allah ya taimake mu ta ƙoshi kafin ta kai inda muke nema.

Ya bi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Kwana bakwai. Cewa aka yi ku zo cikin kwana bakwai. Turawan ma sun daɗe da binne kalmar nan. Yaushe takardar ta zo?"

Na ƙirga a yatsu. Kwana takwas. Sai na tuna matan garinmu da ke tafe da bokiti a ka cikin rana tsaka.

Washegari muka isa ofishin. Magatakarda ya ce takardar gado ce: tun zamanin Bature take cikin fayil, sunan gari kawai suke canzawa. Kalma ta mutu a ƙasarsu, amma a nan kullum tana zuwa aiki. Ina jinjina musu, don ko kakana bai samu mai riƙe masa amana haka ba.

Aka shigar da mu gaban Mai Girma. Dogo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun makara, a yi mana afuwa."

"Kun makara da me?"

"Da kwana bakwan, ranka ya daɗe."

"Wane kwana bakwai? Inji ai an kai shi wata gona tun kafin a buga takardarku." Ya leƙa ta taga, ya hango abin da ke ɗaure a babur, fuskarsa ta washe. "Amma madalla, kun kawo sennight ɗin. Naku ma ya fi na mutanen makon jiya ƙiba. A kai shi baya."

Mun dawo ba inji, ba rago, har igiyar ma ba su maido ba. Na gaya wa Malam Ɗantsoho ya gyara ƙamus ɗinsa, don Dogo ne ya fi shi gaskiya. Wanda kuma ya san inda ake liƙe jarka da araha, don Allah ya aiko mini da saƙo, da Hausa.