Taragun da na sa wa ƙyalli

Shekara ashirin ina fentin mota, daga Kano zuwa Hartum har Jidda. Don haka da maƙwabcina Ammu Salihu ya kawo mini 'yan taragun jirgin ƙasa guda huɗu, kowanne bai fi cokali tsawo ba, dariya na yi. Tun da ya bar aiki a tashar jiragen ruwa yake harhaɗa ƙananan jiragen ƙasan Ingila na roba, kuma ran Juma'a zai nuna waɗannan ga abokan sha'awarsa a unguwar Abhur, nan Jidda.

Ya ce, "Ruwan ƙasa irin na lokacin yaƙi nake so. Dishi-dishi, ya akhi."

Na ce halas, wato an gama. Na fesa, na ja da baya na duba, sai na ga kamar tsohuwar ƙofar kicin. Ni aikina ya fita haka? Na ɗauko man ƙyalli na mota na bi su sau uku, har ina ganin gemuna a jiki.

Ammu ya zo ran Alhamis. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi, sannan ya ce:

"Malam, Turawa sun shafa wannan launi ne don kada jiragen saman yaƙin Jamus su hango taragun. Naka kuwa ko makaho ne matuƙin, ba zai kuskure ba."

Ba halin kankarewa, robar za ta narke. Haka ya tafi da su suna walƙiya.

Har yau in na doso majalisarsu, sai wani ya rage murya: "A kashe fitila, ga ɗan leƙen asirin Jamus nan."