Sauran Yana Kashi Na Biyu

Sabuwar tele, gurup na aro mai ba da wuta, da sunana a Matameye, duk na ɗora su a kan fim ɗaya ranar da na buɗe rumfar kallo. Labarin matasa ne da aka tsare cikin ganuwa bayan duniya ta ƙone, suna kashe juna a kan rijiya guda. Farkonsa kawai na leƙa, amma na bi tasha ina cewa, "Ƙarshensa sai mai ƙarfin zuciya."

'Yan kabu-kabu suka cika rumfar, wasu tun daga Ɗan Barto. Ko tari ba mai yi. Yarinyar fim ɗin ta kai ƙofar ganuwa, jini a goshi, ta sa hannu za ta tura. Sai sunayen 'yan wasa suka fara hawa.

Sale makanike ya miƙe ya tare ƙofa. "Alhaji, ina sauran?"

"Yana zuwa," na ce, ina ta danne-dannen rimot.

"Yanke shi ka yi don mu biya sau biyu." Ya ɗora hannu kan telen.

Wani malamin makaranta ya ce daga littafi aka ɗauko, ba a ma yi kashi na biyu ba tukuna. Ba wanda ya saurare shi. Na mayar wa kowa kuɗinsa, har waɗanda suka shigo ta ƙarƙashin zana.

Tele ta tsira. A kasuwa kuwa, inda nake dillancin gyaɗa, har yau sai an ɗaga buhuna an tambaya: "Alhaji, cikakke ne, ko sauran yana kashi na biyu?"