Ranar da Na Yi wa Babana Maraba da Faransanci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sufeton makarantu ya zo lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can gefen Badagishiri. Ina aji huɗu lokacin, kuma ni ce ɗalibar da ta fi rikita malaminmu, Mushe Idi (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu). In ya faɗi abu da baki, na haddace shi nan take. In ya rubuta a allo, sai in kwafo wani abu dabam. A nawa tunanin kowa haka yake ganin allo, kamar an zuba kunu a bango. (Har mamaki nake yadda 'yan bayan aji ke iya canka daidai kullum.) Baba ya riga ya ce in na sake faɗuwa jarrabawa, garkar albasa zan koma.

Saboda kaifin haddata aka zaɓe ni in yi wa baƙo jawabin maraba da Faransanci, in miƙa masa ƙwaryar ƙwan zabi.

"Mai farar riga za ki duba," in ji Mushe Idi. "Ki tsaya daga nesa ki yi magana, sannan ki matsa ki durƙusa."

Aka jera kujeru a inuwar bedi, wato dogon yaro, iyaye suka cika fili. Na fito tsakiya, na ƙanƙance ido, na hango wani abu fari fat a gefen hagu. Na juya wajensa na saki murya.

Ban yi nisa ba na ji an fara ƙus-ƙus. Na ce a raina, shi ke nan, na karya Faransanci. Sai na koma farko, na ƙara murya. Dariya ta ƙaru. Mushe Idi yana ta "Rabi! Dama! Dama!" Na ɗauka hannu yake nufi, na mayar da ƙwaryar hannun dama, na ci gaba da kiran farin abin nan babban baƙo wanda ya sha hanya daga Illela don ya gan mu.

Na gama, na taka a hankali, na durƙusa, na miƙa ƙwarya. Da na ɗaga kai, sai ga gemun da na sani tun ina goye.

"Ke Rabi, mi ya same ki? Ni ne hwa!"

Baba ne, cikin rigarsa ta Sallah. Da shiru na yi, da abin ya zo da sauƙi. Amma kaina ya riga ya ɗaure, sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi kuma: "Baba, yaushe ka zama sufeto?"

Wata tsohuwa sai da aka riƙe ta don dariya.

Sufeton na gaskiya, wanda ke dama tun ɗazu, bai yi dariya sosai ba. Ya koma bakin aji ya ɗaga hannu, ya ce in faɗi yatsu nawa ya miƙe. Na ce ai ban ma san ya ɗaga hannu ba. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ɗiyarka ba ta gani nesa. Ka kai ta Konni a auna mata ido."

Inna ta so hanawa, wai tabarau na tsofaffi ne, zai ƙarasa kashe min ido. Baba ya ce, "Ɗiyar da ba ta gane ubanta ba tsakar rana, mi ya rage a kashe?"

Ranar da na shiga aji da tabarau, allo ya fito tar, na ji daɗi. Sai kuma na ga fuskar Mushe Idi, har ƙwayar idonsa. Shekara da shekaru ina cin gyaɗa a aji, ina murguɗa masa baki in ya yi faɗa, cikin kwanciyar hankali, tunda ni ba na ganin idonsa.

"Mushe, daga can kana ganina?"

"Kullum," in ji shi.

Tun ranar na riƙe wannan: don ba ka ganin mutane, kada ka ɗauka su ma ba sa ganin ka.