Sunan da Muka Je Bayan Jariri Ya Yi Haƙori

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na kwashi ma'aikatan biro uku, wato ofisoshinmu uku, zuwa Tamaske ba, ni ma ina cikinsu da shadda sabuwa.

Lokacin ni ke kula da sarba, wato na'urar da ke raba saƙonnin imel, ta wata ƙungiyar manoman albasa a Madawa, mai rassa a Buza da Keita. Aikina na iya shi, wannan ba yabon kai ba ne. In na buɗe baƙin allon nan ina buga umarni, har leƙowa ake yi a ga ikon Allah (ni kuwa sai in ƙara saurin yatsu, ko da babu abin da nake rubutawa).

Wata rana da damina cuta ta shiga wata ordinata, wato kwamfuta, ta dinga watsa saƙonnin banza. Na buga postsuper -h ALL, wato na tsare duk saƙon da ke kan layin fita. Na kashe cutar, sababbin saƙonni suka ci gaba da tafiya, na sha yabo. Waɗanda na tsare kuwa na manta da su ƙurmus.

Bayan girbi aka kawo mana sabuwar shugaba, Hajiya Rabi. Don in burge ta na buga mailq, umarnin da ke nuna abin da ke jiran fita. Sai ga saƙonni jibge.

"Waɗanga hwa mi suka jira?" ta tambaye ni.

"Ni suka jira, Hajiya," na ce, ina murmushi.

Kowane saƙo da ranar shigarsa a gefe, ƙuru-ƙuru. Ban duba ba. Na sake su, na bi da postqueue -f, layi ya zama fayau.

Ashe a ciki akwai na Malam Isuhu, wakilinmu na Tamaske, wanda ba mu cika ganinsa ba: an yi masa haihuwa, suna ranar Alhamis, fatiha da safe. Kun san mu, ba ma sa kwanan wata, Alhamis kawai. Kuma saƙon ya faɗo a saman akwatin kowa kamar na yau. Ni ne ma na tsaya kai da fata sai an ba mu motar biro.

Mun isa da goro da sabulu da turmin zane, mutanen Buza da na Keita sun riga mu, suna tsaye cirko-cirko a waje. Ƙofar gida shiru, ba tabarma, ba rago. Malam Isuhu ya fito da soso a hannu, yana wanke babur.

"Lahiya kunka taho haka?"

"Barka munka zo, Malam," in ji Hajiya. "Ba yau a suna ba?"

Ya ajiye soson. "Suna tun da damana. Na aika muku, na shimhiɗa tabarmi, ko mutum guda bai zo ba. Har surukkaina sunka ce ashe ba ni da mutane wurin aiki."

Wata da watanni bawan Allah yana ɗauke da wannan ciwo, ni ina can ina saurin yatsu. Hajiya ta juyo a hankali, ta maimaita maganata da irin muryata: "Ni suka jira, Hajiya." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Na bayyana wa Malam Isuhu yadda aka yi, shi kuwa mutumin kirki ne. Ya aika aka kira surukan nasa su zo su ga mutanensa, aka dama fura. Sannan ya fito da yaron ya ɗora mini a cinya.

"Kai ka yi gayya, kai za ka yi mai addu'a."

Na ɗaga hannu ina fatiha, jaririn sunan ya kama yatsana ya gartsa mini cizo. Haƙora biyu gare shi.

Tun ranar ba na sakin saƙo sai na duba yaushe ya shiga layi. In kuma na ji an yi haihuwa, waya nake bugawa in tambaya ko yaron ya fara rarrafe kafin in ba da shadda guga.