Aljanar da Na Ƙirƙira da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zama masanin tarihin Suleja ba. Ni fa ɗan Katsina ne, ɗaki kawai na kama a unguwar Kwamba da ke Suleja don hayar Abuja ta fi ƙarfina. Abin da na sani a garin bai wuce tasha da teburin mai shayi ba. Amma a ofis "ɗan Suleja" ake ce min, ni kuwa ban taɓa musawa ba.

Akwai Maryam, abokiyar aikina, wadda na daɗe ina so amma na kasa furtawa. Rannan ta ce, "Wai da gaske a tsohon garinku akwai gidajen da aljanu suka ƙwace?"

Na gyara hula na ce, "Ai sai kin zo kin gani da idonki."

Ta kuwa zo, ita da ƙawarta, da rana tsaka. Na shiga da su lungunan cikin gari (ina satar tambayar masu keke hanya). Can na hango wani gidan ƙasa, rabin zauren ya rufta, ga tsamiya ta yi masa rumfa. Na ce a raina, yauwa.

Na rage murya. "Nan ne gidan Iya Mai Turmi. Tun ana kiran garin nan Abuja ta rasu tana tsakiyar daka. Har yau in rana ta take sai a ji taɓaryarta, kuma duk wanda ta leƙo ta gani, bakinsa karkacewa yake yi." Wallahi a tsaye a wurin na ƙirƙiri matar, da sunanta da turminta.

Maryam ta zaro ido. "Kai ba ka jin tsoro?"

"Haba, mu da muka saba."

Ban rufe baki ba sai muka ji dum, dum, daga cikin gidan. Hankalina yana ce min, kai fa ka ƙirƙire ta yanzun nan, amma ƙafafuna ba su tsaya jin bayani ba. Na tattare kaftani na zura da gudu ina zabga a'uziyya, ban tsaya ba sai bakin titi, bayan baron wani mai rake, da takalmi ƙafa ɗaya (har shafa bakina na yi in ji ko ya karkace).

Da na koma a sanyaye, na tarar da su zaune kan tabarma a tsakar gidan suna shan ruwa. Ga wata tsohuwa da ranta da lafiyarta tana dakan kuka. Ta miƙo min takalmina ta ce, "Ɗana, kai ne mai tarihin? Zauna ka ƙarasa min, ina so in ji yadda na mutu."

Ƙawar Maryam ta yi dariya har da hawaye. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar tasha na fara kame-kame, Maryam ta tare ni. "Ƙaryar ba ta dame ni ba, na san burge ni kake son yi. Tsoro kuma kowa yana ji. Amma ko 'Maryam, gudu' ba ka ce ba."

Bara aka ɗaura mata aure, na je na ci shinkafa kamar kowa. Yanzu na san in mutum zai ƙirƙiri aljana, ya ƙirƙiri wadda zai iya tsayawa a gabanta. In kuwa gudun ya zama dole, to ya waiwaya ya kira sunan wadda ya zo da ita.